Su Wa Aka Ɗauka Aikin Duban Taurari da Auna Yanayi a Zamanin Mulkin Mallaka? Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga ƙarshen ƙarni na 18 har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, Turawan mulkin mallaka sun yi ta gina gidajen duban taurari da tashoshin auna yanayi a ƙasashen da suka mamaye, daga Madras da Bombay zuwa Cape Town, Mauritius, Hong Kong, Batavia (Jakarta ta yau) da Manila. Idan ana ba da labarin waɗannan wurare, gine-ginen da na'urorin aka fi ambata, sai kuma sunan Baturen da ya shugabanta. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi mutanen ne: wa ya ɗauke su aiki, ta wace ƙofa suka shigo, me aka sa su yi, kuma a ina aka ce musu nan ne iyakarku.

Me ya sa gwamnatin mulkin mallaka za ta kashe kuɗi a kan kallon sama?

Saboda jiragen ruwa, kafin komai. Matuƙin jirgi a tsakiyar teku ba zai san nisansa gabas ko yamma ba sai yana da agogo mai tafiya daidai da lokacin Greenwich. Agogon kuwa yakan yi gaba ko baya a doguwar tafiya, don haka da zarar jirgi ya shiga tasha sai a daidaita shi. Mai daidaitawar shi ne gidan duban taurari: ma'aikatansa suna fitar da sahihin lokaci daga wucewar taurari da dare, da rana kuma a saki wata babbar ƙwallo daga saman sanda a ƙayyadadden lokaci, kowane jirgi a tashar ya duba agogonsa. Ban da wannan, taurarin kudancin duniya ba a ganinsu daga Turai, sai an je can an auna su. Allurar kamfas ma tana karkacewa daga wuri zuwa wuri, ana son sanin dalili.

Auna yanayi ya shigo da ƙarfi daga baya, kuma asara ce ta kawo shi. Guguwar da ta afka wa Kalkata a watan Oktoba na 1864 ta hallaka dubban mutane, ta ragargaza jiragen da ke tashar. A 1875 aka kafa hukumar yanayi ta Indiya, kuma ba a jima ba yunwar 1876 zuwa 1878 ta nuna wa gwamnati cewa rashin damina yana taɓa haraji da zaman lafiya gaba ɗaya. Wannan ya sa abin da ake nema a wurin ma'aikaci shi ne ya kasance ba ya saɓa lokaci, ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya. Hazaƙa tana biye.

Wa ke da wuƙa da nama wajen zaɓen shugaban gida?

A daular Birtaniya, a mafi yawan ƙarni na 19, amsar kusan mutum ɗaya ce: George Airy, babban masanin taurari na sarautar Ingila, wanda ya riƙe gidan duban taurari na Greenwich da ke Landan daga 1835 zuwa 1881. Gwamnan wata ƙasa zai rubuto wa ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan cewa yana son masanin taurari. Ofishin ba shi da wanda ya san aikin, sai ya tura wa Airy takardar. Sunan da Airy ya bayar, galibi shi ke shiga jirgi. Ba a cika tallata gurbi a jarida ba, balle a zauna a tantance masu nema.

Haka Charles Todd ya samu zuwa Adelaide a 1855 a kan albashin fam 400 a shekara. Ya shiga Greenwich yana ɗan shekara 15 a matsayin yaron lissafi, Airy ya san hannunsa, ya miƙa sunansa. Haka ma William Scott, shugaban farko na gidan duban taurari na Sydney da aka buɗe a 1858.

Gidan Cape Town, wanda aka kafa a 1820, yana ƙarƙashin hukumar sojan ruwa ne, ita ke biyan albashi, ita ke naɗi. Na Madras kuwa na kamfanin East India ne, kamfanin Birtaniya da ke mulki a Indiya, tun 1792. Amma duk inda aka bi, ana komawa kan 'yan tsirarun mutane a Landan da Cambridge waɗanda suka san juna, suke rubuta wa juna wasiƙu. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Charles Piazzi Smyth yana ɗan shekara 16 aka tura shi Cape Town a 1835 a matsayin mataimaki. Mahaifinsa hafsan sojan ruwa ne, masanin taurari, kuma aminin Thomas Maclear da ke shugabantar gidan. Yaron ya yi aiki na a zo a gani daga baya, wannan ba a musu. Abin tambaya shi ne yara nawa masu irin ƙwaƙwalwarsa ne ba su da wanda zai rubuta musu wasiƙa.

Dole sai mai digiri a lissafi?

A'a, kuma jerin shugabannin Cape Town ya ishe mu misali. Na farko, Fearon Fallows, ɗan masaƙi ne da ya yi fice a lissafi a Cambridge, kuma limamin coci. Wanda ya gaje shi, Thomas Henderson, akawun lauya ne daga Dundee wanda ya koyi taurari a lokacin hutunsa. Maclear likita ne. David Gill, wanda ya karɓi gidan a 1879 ya kai shi matsayin da duniya ta san da shi, mai gyara da sayar da agogo ne a Aberdeen, bai kammala digiri ba. Gill ɗin kuma shi ya ɗauko Robert Innes, ɗan kasuwar giya a Sydney mai sha'awar taurari, ya ba shi aikin sakatare a 1896. Innes ne ya shugabanci tashar Johannesburg daga 1903, shi ne kuma ya gano tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, a 1915.

Ta ɓangaren yanayi ma haka. Gilbert Walker gwanin lissafi ne a Cambridge wanda bai taɓa aikin yanayi ba sa'ad da aka zaɓe shi ya shugabanci hukumar Indiya, ya kama aiki a 1904.

Saboda haka ƙofar tana da faɗi ga Bature mai basira ko da ba shi da takarda. Daga shekarun 1870 aka fara shigo da jarrabawar aikin gwamnati ga masu neman muƙamin mataimaki, abin ya ɗan rage son kai a tsakanin Turawa. Sai dai jarrabawar a Ingila ake zaunawa.

An ce sojoji sun riƙe wasu tashoshin. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Wajen 1840 Birtaniya ta shiga wani gagarumin shiri na auna maganaɗisun ƙasa a ko'ina cikin duniya, ƙarƙashin Edward Sabine, hafsan rundunar igwa. Aka buɗe tashoshi a Toronto, tsibirin St Helena da Cape Town, aka damƙa su ga sojojin igwa. Ta Hobart kuwa sojan ruwa suka riƙe. A kowace tasha akwai hafsa ɗaya, sai 'yan tsirarun saje da ƙananan sojoji.

Dalilin zaɓen soja a fili yake idan aka dubi aikin. Ana karanta na'urorin dare da rana a kan sa'a, kuma da agogon garin Göttingen na Jamus, domin duk tashoshin duniya su karanta a lokaci guda. Akwai ranaku na musamman da ake karantawa duk bayan 'yan mintoci har tsawon awa 24. Lahadi kaɗai ake hutawa. Wane farar hula za ka ajiye a St Helena shekara da shekaru yana wannan a kan albashin saje? Soja an riga an biya shi, an riga an koya masa gadi, kuma ba ya cewa ya gaji ya tafi. Daga 1852 injiniyoyin soja suka riƙa auna yanayi a barikokin ƙasashen waje, daga baya likitocin soja suka karɓa.

Wasu cikin sojojin nan sun zama masana na gaske. Manuel Johnson, hafsan igwa na kamfanin East India a St Helena, ya fitar da kundin taurari 606 na kudu a 1835, ya ƙare a matsayin shugaban gidan duban taurari na Radcliffe a Oxford.

To mene ne aikin da ƙaramin ma'aikaci ke yi a zahiri?

Aiki iri biyu ne, na dare da na rana, kuma na ranar ya fi yawa.

Da dare mai duba yana zaune ko kishingiɗe a ƙarƙashin madubin hangen nesa da aka kafe yana kallon layin kudu da arewa, rufin ɗakin a buɗe, sanyi ko sauro na shigowa. A cikin madubin an ja siraran zare, sau da yawa na saƙar gizo-gizo. Agogo na bugawa a gefensa. Zai dubi agogon ya kama daƙiƙar, ya mayar da ido cikin madubin yana ci gaba da ƙirga bugun da kunne, tauraron na tafiya a hankali yana tsallake zaren ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa shi ne ya ƙiyasta, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, lokacin da tauraron ya hau kowane zare, ya rubuta da fensir a hasken 'yar fitila, ya juya ga tauraro na gaba. Idon kowa da kunnensa suna da nasu jinkiri. A 1796 an kori wani mataimaki a Greenwich, David Kinnebrook, don lokutansa suna bayan na maigidansa da ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Sai bayan shekaru aka gane cewa kowane mai duba yana da irin wannan bambanci, aka koma auna shi ana cirewa.

Da rana kuma sai lissafi. Abin da aka rubuta da dare ɗanye ne: sai an cire kuskuren agogo, an cire karkatar na'ura, an cire lanƙwasar da iska ke yi wa haske. Awa ɗaya ta duba takan haifar da awoyi na tarawa da ɗebewa a kan takardu masu layi-layi. Airy ya tsara takardun ta yadda yaro ɗan shekara 14 ko 15 zai cike gurabe ba tare da ya san dalilin kowane mataki ba, wani kuma ya sake bi don kamo kuskure. Wannan tsari shi aka kwasa aka kai ƙasashen mallaka, kuma shi ya sa ake iya ɗaukar akawu a gari a koya masa cikin 'yan watanni.

A tashar yanayi aikin ya fi sauƙi a ido: karanta ma'aunin nauyin iska, ma'aunin zafi busasshe da jiƙaƙƙe a cikin farin akwati mai tagogi, juye ruwan saman da ya taru a gwangwani cikin kwalba mai zane, duba alkiblar iska da yawan gajimare. Wahalarsa ita ce ba ya da ranar hutu, ba ya jiran mai zazzaɓi ya warke.

Ina matsayin 'yan ƙasa a cikin wannan duka?

Nan ne zuciyar maganar. A Indiya, Batavia, Hong Kong da Manila, yawancin hannayen da suka yi aikin na 'yan ƙasa ne. Bature ɗaya ne ko biyu a sama, sauran akawuna ne da masu duba da aka ɗauka a gari, a kan albashin da bai kama ƙafar na Baturen ba.

Thomas Taylor ya zo Madras daga Greenwich a 1830. A 1844 ya fitar da kundin taurari 11,015, aikin da masana Turai suka yaba ƙwarai. Mutum ɗaya ba ya auna taurari dubu goma sha ɗaya sau da yawa kowanne. Mataimakansa Indiyawa ne suka raba dare da shi, suka yi lissafin. Kundin dai da sunan Taylor aka san shi.

Ɗaya daga cikin yaran da suka shiga gidan a zamaninsa shi ne Chinthamani Ragoonatha Chary, ɗan gidan masu lissafin kalandar gargajiya, wato ya taso a cikin hisabi tun kafin ya ga madubin Bature. Ya fara daga ƙasa, ya kai babban mataimaki. A 1867 ya gano cewa hasken tauraron R Reticuli yana ƙaruwa yana raguwa, a 1872 kuma ƙungiyar masana taurari ta Landan ta karɓe shi memba. Ya yi kusan shekara arba'in a gidan, ya rasu a 1880 yana mataimaki. Shugaban gidan na lokacin, Norman Pogson, ya yi ta roƙon gwamnati ta aiko masa da mataimaki Bature.

A Kalkata akwai Radhanath Sikdar, babban mai lissafi na hukumar safiyo, wanda lissafinsa ya nuna a farkon shekarun 1850 cewa dutsen da daga baya aka sa wa suna Everest ya fi kowane tsawo. Shi aka ɗora wa kula da tashar yanayi ta Kalkata a 1852, ƙari a kan aikinsa. Akwai kuma Ruchi Ram Sahni, wanda ya shiga hukumar yanayi a 1885 ƙarƙashin Henry Blanford a Simla, har yana shirya rahoton yanayi na kullum. Bayan shekara biyu ya bar aikin ya koma koyarwa a Lahore.

Walker kuwa, sunansa ya shiga tarihi ne saboda ya gano cewa nauyin iska a tekun Fasifik da na tekun Indiya suna hawa da sauka a kishiyance, abin da yau ake haɗawa da El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke dagula damina a sassan duniya. Ya kai ga haka ta hanyar gwada alƙaluman shekaru masu yawa daga tashoshin duniya, biyu-biyu, da hannu. Ɗaki guda na akawunan Indiya ne suka yi wannan lissafi. A ganina duk wanda zai ambaci binciken ya kamata ya ambaci ɗakin nan.

Ƙasa da akawu akwai wasu da ba a ma ƙirga su cikin ma'aikatan ilimi: masinja mai kai saƙon yanayi gidan waya, mai jan igiyar ƙwallon lokaci, mai buɗe rufi, kafinta, mai gadi, mai ɗaukar akwatunan na'ura zuwa kan dutse. A takardun kashe kuɗi sukan fito a layi ɗaya, da adadi, babu suna.

Me ya sa ba a ba su shugabanci ba tun da sun iya aikin?

Hujjar da Turawan ke bayarwa ita ce amana. A rahotanni da wasiƙu ana yawan cewa ɗan ƙasa yana da haƙuri da kyan rubutu, amma sai an sa masa ido, in ba haka ba zai yi barci ya cike gurbin da lambar da ya ƙirƙira. Ƙirƙirar lamba ta faru, ba shakka. Mutumin da aka ba 'yan kuɗi kaɗan ya tashi da tsakar dare kullum, wata rana zai kwafi ta jiya. Amma wannan hali ba shi da launin fata. Fallows ya sha fama da mataimakansa Turawa a Cape Town. A Parramatta ta Ostireliya, Bajamushe Carl Rümker ya yi faɗa da gwamna Thomas Brisbane da ya ɗauko shi, ya ajiye aikin a 1823 ya tafi noma. In Bature ya gaza, sai a ce wane ya gaza. In ɗan ƙasa ya gaza, sai a ce halinsu ne.

Akwai kuma maganar tsari. An raba aikin gwamnati gida biyu, na manya da ake ɗauka a Landan da na ƙanana da ake ɗauka a gari, kowanne da nasa albashi, hutu da fansho. Wanda ya shigo ta ƙaramar ƙofa zai iya kaiwa ƙololuwar ajinsa, ba zai tsallaka ba.

Zargin ƙirƙirar lamba yana cikin abin da ya sa aka rungumi na'urori masu rubuta da kansu tun daga shekarun 1840, waɗanda ke zana hawa da saukar ma'auni a kan takarda mai juyawa. Sai dai su ma suna bukatar mai canza takarda, mai wanke hoton, mai auna zanen ya mayar da shi lambobi. Akawun bai tafi ko'ina ba.

Mata fa?

Da farko ta hanyar gida suka shigo, ba albashi. Lokacin da Fallows ya rasa mataimaki, matarsa Mary Ann ce ta riƙe na'ura ɗaya shi yana kan ɗaya. A Madras, Isis Pogson ta daɗe tana taya mahaifinta kafin a sa ta cikin masu albashi a 1873. A 1881 aka ba ta kula da rahoton yanayi na gwamnatin Madras. An kai sunanta ƙungiyar masana taurari ta Landan a 1886 aka ƙi, don mace ce. Sai a 1920 ta shiga. A Hong Kong, Anna Doberck, 'yar'uwar shugaban gidan, ta samu muƙamin mataimakiya a 1892. Cikin aikinta akwai hawa jiragen da suka shigo tasha ta kwafo abin da matuƙa suka rubuta na iska da guguwa.

Zuwa ƙarshen ƙarnin, da aka fara ɗaukar hoton sama ana auna taurari a kan faranti na gilashi, sai Cape Town, Melbourne, Sydney da Perth suka ɗauki mata da yawa. Dalilin bai ɓoyu ba: sun fi araha, kuma ba a sa ran za su nemi ƙarin girma.

Me ya kawo limaman Kirista cikin aikin?

'Yan ɗariƙar Jesuit ta Katolika sun riƙe wasu daga cikin tashoshin da suka fi suna: Manila daga 1865, Zikawei kusa da Shanghai daga farkon shekarun 1870, Belén a Havana, Antananarivo a Madagaska daga 1889. Su ba sa jiran Airy. Ɗariƙar ce ke zaɓen matashi mai kan lissafi, ta koyar da shi, ta tura shi, ya zauna har tsufa, ba iyali, ba neman ƙarin albashi. Wannan ya ba su ɗorewar da tashoshin gwamnati suka rasa. Sifen ta mayar da tashar Manila ta hukuma a 1884, kuma da Amurka ta karɓi Filifin sai ta bar limaman a kan aikin, José Algué ya zama shugaban hukumar yanayi a 1901, da 'yan Filifin a tashoshin larduna. William Doberck, shugaban gidan Hong Kong, bai ƙaunaci hasashen guguwa na limaman ba, ya yi ta rigima da su, alhali matuƙan jiragen sun fi yarda da su.

Aikin yana da daɗi ga Turawan da aka aiko?

Ga wasu hanyar ɗaukaka ce, ga wasu kabari. Fallows ya rasu a Cape Town a 1831, bai daɗe da fara amfani da ginin da ya sha wahalar ginawa ba. Henderson ya yi shekara ɗaya kacal ya koma gida yana kukan fadama da macizai, ko da yake a wannan shekarar ce ya yi awon da ya ba da nisan tauraron Alpha Centauri. A Mauritius an gina tashar Royal Alfred a Pamplemousses, yanki mai zazzaɓin cizon sauro, ciwo ya riƙa kwantar da ma'aikata. Littattafai da kayan gyara sukan ɗauki watanni a teku.

Waɗanda suka jure sukan yi ta zagaye daular. Thomas Claxton ya bar shugabancin Mauritius ya koma Hong Kong. Albert Walter ya je Mauritius yana matashi, ya zama shugaba, sannan ya wuce Nairobi inda ya kafa hukumar yanayi ta Gabashin Afirka a 1929. Masar na cikin masu ba da kuɗin hukumar, don ruwan da ke sauka a can shi ke cika kogin Nilu.

Ƙananan tashoshin ƙauye su wa ke kula da su?

Duk wanda gwamnati ta riga ta ajiye a wurin. Ma'aikacin tangarahu ya fi dacewa, tun da yana da agogo, yana zaune wuri ɗaya, kuma zai aika lambobin nan take. Todd ya yi amfani da ma'aikatan layin wayar da ya ja ya ratsa Ostireliya a 1872. A gaɓar ƙasar Sin ma'aikatan kwastan ne da masu gadin fitilar jiragen ruwa. A Indiya akawun asibiti, na gidan waya ko malamin makaranta, a ba shi ɗan alawus a wata, sufeto ya zo jefi-jefi ya gwada ma'auninsa.

Akwai irin wannan a ƙasar Hausa?

Babban gidan duban taurari irin na Cape Town ko Madras, babu. Ba mu da tashar jiragen ruwa da za a saukar wa ƙwallon lokaci. Abin da aka yi a nan shi ne na ƙananan tashoshi. Tun shekarun farko na ƙarni na 20 ake rubuta ruwan sama da zafi a garuruwa irin su Kano da Sakkwato, a ɓangaren Faransa kuma Damagaram da Yamai. A Arewacin Nijeriya likitocin gwamnati aka fara ɗora wa aikin, ma'aunin yana harabar asibiti, alƙaluman su fito a rahoton shekara. Wanda ya san yadda ofis ke tafiya ya san cewa in likita ya tafi rangadi ko hutu Ingila, wani ne a asibitin zai juye gwangwanin da safe.

Jirgin sama ne ya mayar da abin sana'a. Jiragen sojan Birtaniya sun sauka Kano a 1925, a 1936 aka fara jigila tsakanin Khartoum da Kano, a yaƙin duniya na biyu kuma Kano da Maiduguri suka zama zango a hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Masar. Matuƙi yana son sanin kaurin hazo da ƙarfin iskar sama kafin ya tashi, ba a ƙarshen shekara ba. Sai aka bukaci ma'aikata na dindindin a filin jirgi: a cika balan-balan a sake shi, mutum ɗaya yana bin sa da na'urar safiyo yana kiran lambobi, wani yana rubutawa, a mayar da sakamakon zuwa lambobin waya a aika. 'Yan Afirka da suka yi makaranta aka ɗauka a wannan mataki, masu hasashen kuwa Turawa.

Lambobin nan suna da amfani har yau. Duk mai son gwada farin 1913, wanda ya jawo yunwar Kakalaba, da na 1973 ko 1984, a kan abin da waɗancan mutane suka rubuta yake dogara.

Yaushe 'yan ƙasa suka fara shugabanci?

Ya danganta da wurin, kuma tazarar tana da yawa. A Sydney, Henry Russell, haifaffen Ostireliya, ya zama shugaba a 1870, amma shi jinin Turawa ne. A Bombay, Nanabhoy Moos ya karɓi tashar Colaba a 1896, Ba'indiye na farko. Shi ya kwashe na'urorin maganaɗisu zuwa Alibag a farkon ƙarni na 20 sa'ad da taragon lantarki zai shigo birnin ya dagula awon. A Helwan ta Masar, Mohamed Reda Madwar ya hau a 1934. Hukumar yanayi ta Indiya gaba ɗaya ba ta samu shugaba ɗan ƙasa ba sai 1944, wato S. K. Banerji, shekara 69 bayan kafa ta. A yawancin Afirka sai gab da 'yancin kai ko bayansa, kuma ƙasashe da dama sun karɓi hukumomin da ɗimbin masu karanta ma'auni amma masu hasashe ƙalilan, don ba a horar da su ba. Cike wannan giɓi na cikin aikin cibiyar AGRHYMET mai horar da ma'aikatan yanayi, ruwa da noma, da aka buɗe a Yamai a 1974. Hong Kong, wadda aka kafa tasharta a 1883 kuma Sinawa ke cikin ma'aikatanta tun farko, ta samu shugaba Basine na farko, Patrick Sham, a 1984.